Binciken talauci a jami'o'inmu: yaushe zai fito daga laburare ya shiga gidan talaka?

Malamin Jami'a: Assalamu alaikum jama'ar gida. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, tunda Allah ya haɗa mu a nan da ma'aikatan walwala da ɗalibai da malamai na ce bari in kawo ta. A Nuwamban 2022 hukumar ƙididdiga ta NBS ta fitar da rahoton talauci, ta ce mutum miliyan 133 ne ke cikinsa, kashi 63 cikin ɗari na 'yan Najeriya kenan, kuma ba kuɗin da ke hannun mutum aka auna ba, abubuwa ne irin su rashin makaranta da asibiti da ruwan sha da abin girki. Miliyan 86 a Arewa suke. Sakkwato ta kai kusan kashi 91, Ondo kuma 27. Da Disamba ta zo Buhari ya sa hannu a dokar kafa majalisar da za ta kula da sana'ar aikin walwalar jama'a, wato dai an yarda sana'a ce da sai an koya. To ra'ayina shi ne kuɗin tallafi shi kaɗai ba ya fitar da gida daga talauci, sai da horarren mutum da zai riƙa bin gidan yana sanin halin da ake ciki, kuma jami'o'inmu da kwalejojinmu ne ya kamata su samar da wannan mutumin su kuma auna ko aikin yana ci. Me zai hana kowane sashe da ke koyar da wannan fanni ya ɗauki mazaɓa ɗaya ko biyu, ɗalibai su riƙa yin firaktikal ɗinsu a can, aji na tafiya aji na zuwa, ana bin gidaje ɗaya shekara da shekaru? Ina son jin ra'ayinku, musamman waɗanda suka yi aikin da ƙafarsu.

Ɗan Sakkwato: Wa alaikumus salam Dakta. Ni dai gaskiya ban yarda ba. Jami'ar da a 2022 aka rufe ta wata takwas saboda yajin aikin ASUU ita ce za ta bi gidan talaka shekara da shekaru? in an tafi yajin aiki wa zai je gidan? Kuma mu a Sakkwato ba rahoto muke buƙata ya gaya mana muna da talauci ba, kowa na gani da ido, an yi bincike an yi bincike har mutanen ƙauye sun haddace tambayoyin, da sun ga baƙo da takarda da biro sun san abin da za su ce. Kuɗin da za a kashe wajen bin gida a ba mutane a hannu kawai su sun fi kowa sanin inda ke musu ciwo.

Ɗalibar Aji Huɗu: Malam ina goyon bayanka amma bari in faɗi yadda firaktikal ɗin yake yanzu don kar a ɗauka da sauƙi. Mu an tura mu wani ofishin walwala, da muka je tebur biyu ne a ɗakin da kabad ɗaya na fayil, kujeru ba su ishe mu ba sai muka riƙa zama a ƙarƙashin darbejiya a waje, da safe mu sa hannu a littafi da azahar mu sake sa hannu mu tafi. Rana ɗaya tak wata mata ta shigo da yara uku mijinta ya tafi ci-rani ya daina aike, maigidan haya ya ba ta notis, ma'aikaciyar da ke wurin wallahi mutuniyar kirki ce ta saurare ta sosai ta rubuta komai, amma da aka zo maganar a je a ga gidan sai ta ce babu kuɗin mota, ta ciro ɗari biyar daga jakarta ta ba matar. Mu muna tsaye muna kallo, duk abin da aka koya mana a aji na yadda ake tantance gida da yadda ake haɗa mutum da inda zai samu taimako ba wanda muka yi. Har yau ina tunanin matar nan.

Baba Mai Ritaya: 'Yata Allah ya yi miki albarka da kika faɗi gaskiya. Ni na yi wannan aikin tun muna zuwa ƙauye a kan keke, kuma difloma muka yi ba digiri ba, lokacin Kaduna Poly da makarantar Rano su ne ke fitar da yawancin ma'aikatan walwala a wannan yankin. Ɗan Sakkwato ɗana, maganarka akwai gaskiya a ciki amma ka saurara. Lokacin da ake ba da tallafin dubu biyar-biyar a wata, wanda ake haɗawa a biya 10,000 duk wata biyu, akwai wata bazawara a unguwarmu da ke karɓa. Ranar biya kafin ta iso gida mai shago ya tare ta da bashin gero da omo, ƙanin mijinta marigayi ya zo ya karɓi nasa wai na gyaran ɗaki, abin da ya rage ta kai kemis saboda ƙaramin yaron kullum gudawa. Na shiga gidan na duba, randar ruwansu a buɗe take kusa da makewayi, ruwan kuma daga wani kududdufi ake ɗebowa, yaron nan gashinsa ya yi ja ƙafa ta fara kumbura, tamowa ce ƙarara amma ita tana cewa shawara ce. Ba kuɗi na ƙara mata ba, kai ta na yi asibitin da ake ba da abincin tamowa kyauta wanda ba ta ma san da shi ba, na zauna da mai unguwa aka yi wa ƙanin mijin magana, aka sa ta cikin adashin matan layin. Bayan shekara tana sayar da ƙuli-ƙuli. Kuɗin ya yi amfani, amma da ba wanda ya shiga gidan da a kemis zai ƙare.

Ɗan Sakkwato: Baba na ji kuma na girmama maganarka. Amma kai mutum ɗaya ne mai tsoron Allah, miliyan 86 fa ake magana.

Baba Mai Ritaya: Shi ya sa ake maganar makaranta ai ɗana, don a samu da yawa. Ba a haife ni da sanin alamar tamowa ba, koya mini aka yi.

Maman Husna: Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ina Jigawa lokacin da aka yi shirin nan na tallafa wa masu ciki da ƙananan yara mai suna CDGP da Save the Children da Action Against Hunger suka gudanar da kuɗin gwamnatin Birtaniya. A Jigawa an yi a Buji da Gagarawa da Kirikasamma, a Zamfara kuma Anka da Tsafe. Mace tun tana da ciki ake fara ba ta 3,500 a wata daga baya aka mayar 4,000, har sai yaro ya shekara biyu, kuma ba kuɗin kaɗai ba ana tara su ana musu bayanin shayarwa da abincin yaro da tsafta, har maza ana musu ta bakin limamai da masu unguwa. Da aka auna an ga tsumburewar yara ta ragu kuma mata da yawa sun kama sana'a. Wannan ya nuna maganar Dakta da Baba gaskiya ce. Amma abin da ke damuna shi ne manyan masu auna sakamakon daga Ingila suke, Oxford Policy Management da wata cibiya ta Landan, yaranmu su ne masu yawo gida gida da kwamfutar hannu suna cike tambayoyi, an gama shiri a 2019 kowa ya watse. Yaran da aka haifa a shirin nan yanzu suna firamare, wa ke bin su ya ga ko sun fi sauran ƙoƙari a makaranta? Ga jami'ar tarayya a Dutse ga ta jiha a Kafin Hausa ga ta Gusau, wannan ai aikinsu ne a ƙofar gida.

Malamin Jami'a: Hajiya kin taɓo inda yake mini ciwo. Ko shi rahoton NBS ɗin da na kawo, da haɗin gwiwar cibiyar OPHI ta jami'ar Oxford da UNDP da UNICEF aka yi shi. Ba laifi ba ne a yi aiki da su, sun iya kuma muna koyo, amma haɗin gwiwar da kullum kai ne mai tattaro bayani wani ne mai nazari da rubutawa ba za ta gina maka sashe ba. Ya kamata duk yarjejeniyar da za a sa wa hannu a rubuta a ciki cewa bayanan za su zauna a jami'ar yankin, ɗaliban digiri na biyu da na uku su yi aiki a kansu, kuma a koma ƙauyen a gaya wa mutane abin da aka gano da Hausa. Mu ma muna da namu laifin a matsayin tsari, ƙarin girma a jami'a da yawan maƙalun da ka buga ake yi, ba wanda zai tambaye ka ko wata ƙaramar hukuma ta yi amfani da bincikenka, to dole malami ya bi inda ake ba da maki.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya, ku ba ni dama in sa baki daga Nijar. Mu nan akwai furojen tallafi na gwamnati da a lokacin ake ba mata jika 10 (wato sefa 10,000) kowane wata, kuma an yi wani babban bincike a kanshi da Bankin Duniya wanda ya fito cikin mujallar Nature a 2022. Abin da suka yi, in ban da waɗanda aka bari da kuɗin wata kawai don a kwatanta, dukan matan an sa su cikin asusu na rukuni da horon sana'a da mai bi yana ba su shawara, sannan wasu aka ƙara musu jari jika 80, wasu kuma ba a ba su jarin ba sai aka yi musu horon zaman rayuwa, yadda mace za ta tsai da buri ta yi magana da maigida ta yanke shawara, kuma aka tara gari duka aka nuna musu bidiyo aka yi mahawara a kan sana'ar mata, wasu kuma aka haɗa musu duka biyun. To abin mamaki waɗanda ba a ba jarin ba su ma sun ci gaba sosai, kuma in aka lissafta da abin da aka kashe hanyar tasu ta fi arha da riba. Wannan ai shi ne aikin da kuke magana. Kuma akwai cibiyar bincike ta LASDEL a Yamai, masu bincike ne 'yan ƙasa tare da wani masani Olivier de Sardan, su ba takardar tambayoyi suke rabawa ba zama suke a ƙauye su saurara, sun gano cewa wajen zaɓen wanda za a ba kuɗi ne rigima take, mutane na zargin son kai, har wasu garuruwa in baƙi sun tafi sai a tattara kuɗin a sake rabawa kowa ya samu. Wanda ya zo kwana biyu da mota ba zai taɓa ganin wannan ba.

Ɗan Sakkwato: To ka ga wannan na ƙarshen shi nake faɗa. Mu ma rijistar talakawa ta ofishin tallafi na tarayya NASSCO an ce jama'ar gari ne ke zaɓen matalautansu da kansu, amma je ka tambaya a ƙauye ka ji abin da za a ce maka. Bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 aka ce za a ba gidaje miliyan 15 naira 25,000 sau uku, da bashin dala miliyan 800 na Bankin Duniya, ba a je ko'ina ba a Janairun 2024 aka dakatar da ministar jin ƙai Betta Edu kan maganar naira miliyan 585. Dakta kana so ka tura yara 'yan makaranta cikin wannan harka? in suka gano sunayen bogi wa zai kare su?

Malamin Jami'a: Wannan tambaya ce mai nauyi kuma ba zan raina ta ba. Ɗalibi ba ɗan sanda ba ne, ba za a tura shi farautar ɓarayi ba, aikinsa gidan da aka ba shi. Amma in sashe yana da gidaje ɗari uku da yake bi, a ƙarshen shekara zai iya cewa cikin waɗanda aka rubuta sun karɓa kaza ne suka ce kuɗi ya shigo musu, da sunan jami'a za a fitar ba da sunan yaro ba. Maganar yajin aiki kuma, shi ya sa nake cewa a haɗa da ma'aikatan walwala na ƙaramar hukuma da ƙungiyoyin unguwa, su ne masu zama, ɗalibai ƙari ne.

Malam Na Tsangaya: Jama'a ina ta karantawa kowa na kiran Bankin Duniya da Ingila ba wanda ya ambaci zakka da waƙafi. Kano tana da hukumar Zakka da Hubusi tun 2003, Sakkwato tana da hukumar zakka da waƙafi da ake yabawa har a wasu jihohi, Zamfara ma tana da tata. A nan ne ya fi dacewa ɗaliban su je, domin mutane sun yarda da zakka ba sa mata kallon kuɗin siyasa. Kuma malamai sun yi bayani cewa ana iya ba wa fakiri abin da zai wadatar da shi, mai sana'a a saya masa kayan sana'arsa, ba a riƙa ba shi mudu biyu duk shekara yana dawowa layi ba. Amma wa ke komawa bayan wata shida ya ga keken ɗinkin da aka bayar yana aiki ko an sayar? A BUK akwai cibiyar nazarin bankin Musulunci ta IIIBF suna bincike a kan zakka da waƙafi ta fuskar kuɗi, a haɗa su da masu karatun walwala mana, ɗaya ya san lissafi ɗaya ya san shiga gida. Sai dai ina da sharaɗi, yaran da za a turo a koya musu ladabin shiga gidan mutane, namiji ba zai faɗa gidan matan aure da takarda ba, kuma kar a zo wa almajirai da alarammomi da raini kamar yadda wasu ke yi, a zo a ɗau hoton yara da kwano a tafi.

Ɗalibar Aji Huɗu: Allah ya saka da alheri Malam. Wallahi littattafan da muke karantawa yawancinsu misalan Amurka da Ingila ne, gidan marayu da tsarin ba da riƙon yara ta kotu da sauransu, ba laifi a sani amma a jarabawa ba a taɓa tambayarmu yadda za ka yi da gidan da ke da mata uku da 'ya'ya goma sha bakwai kuma tallafi sunan mace ɗaya ya fito ba, ko yadda za ka yi sulhu ta hannun mai unguwa, ko matsayin adashi da gayya da riƙon ɗan 'yan uwa. Kuma furojet ɗinmu na ƙarshe kowa "illolin talauci a ƙaramar hukuma kaza" yake rubutawa, a raba takardar tambayoyi ɗari a yi bandin a ajiye, na shekarar baya ma haka.

Hajiya 'Yar Kumasi: Gaisuwa daga Zongo. Mu a Gana shirin ba talakawa tallafin kuɗi na LEAP tun 2008 ake yinsa kuma ma'aikatar walwala ce ke riƙe da shi, wanda ke ciki ana yi masa katin inshorar lafiya kyauta. Abin da zan ƙara shi ne cibiyar ISSER ta jami'ar Gana da ke Legon tana cikin waɗanda suka auna shirin tare da jami'ar North Carolina, kuma binciken ya nuna kuɗin ya yi kaɗan kuma ba ya zuwa a kan lokaci, daga baya gwamnati ta ƙara. Legon ɗin tana da sashen koyar da aikin walwala mai zaman kansa. Ba wai mun gama da talauci ba ne, ku zo Zongo ku gani, amma dai jami'ar gida tana teburin.

Malamin Jami'a: Na gode Hajiya. A Najeriya ma Nsukka da Ibadan da Benin suna da sashen a tsaye da kansa, mu a nan Arewa galibi a ƙarƙashin sashen nazarin zamantakewa yake fakewa, kwas biyu ko uku, alhali mu ne muka fi buƙata.

Maman Husna: Kuma in sun gama karatun ina aikin yake? Wannan ma a faɗa. Asibitinmu babba ne amma mai kula da walwalar marasa lafiya mutum ɗaya ne, shi ne neman dangin wanda aka yasar shi ne neman kuɗin wanda ya kasa biyan aiki. A Jigawa tun 2007 zamanin Sule Lamido aka fara ba naƙasassu 7,000 a wata, irin wannan shiri ai yana buƙatar ma'aikata masu bi, ba mai biyan kuɗi kaɗai ba. In jihohi ba sa ɗauka yara za su karanta su koma sayar da data.

Ɗan Sakkwato: To Dakta na sassauto amma ba duka ba. In za a yi a fara da zakka kamar yadda Malam ya ce, ba da rijistar gwamnatin tarayya ba. Kuma har yanzu ba wanda ya amsa maganar yarinyar nan, kuɗin mota. Ɗalibin da da ƙyar ya biya kuɗin rijista ba zai iya zuwa ƙauye sau biyu a sati daga aljihunsa ba.

Malamin Jami'a: Hukumar tallafa wa manyan makarantu ta TETFund tana da asusun bincike na ƙasa kuma tana ba jami'o'in gwamnati kuɗin ƙananan bincike, ana iya rubuta kuɗin zirga-zirgar ɗalibai a ciki in an tsara shi a matsayin bincike mai bin gidaje. Matsalar ita ce irin wannan kuɗin na shekara ɗaya ko biyu ne, abin da muke so kuma ya fi haka tsawo.

Malam Na Tsangaya: Waƙafi ne maganin wannan Dakta. Mai hali ɗaya ya tsayar da shago biyu ko uku hayarsu ta riƙa ɗaukar nauyin zuwan ɗalibai, ya halatta kuma sadaka ce mai gudana. Daga zakka kuwa sai an tambayi malaman hukumar ko za su shiga cikin masu aiki a kanta, ni ba zan yanke wannan ni kaɗai ba.

Baba Mai Ritaya: Kuma ku fara da unguwar da ke bayan katangar jami'ar, ba sai an je nesa ba, da ƙafa ma a je. Gida talatin sun isa a shekarar farko. Mu da muka yi ritaya muna nan da yawa zaune, a kira mu mu raka yaran, ni dai ba na son ko kwabo. Amma Dakta a rubuta tun farko cewa sirrin gida ba zai fita ba, ba hoto ba suna a Facebook, duk ɗalibin da ya saɓa a cire shi.

Ɗalibar Aji Huɗu: Baba ni da ƙawayena huɗu mun shirya ko da mun gama ne kafin a tafi bautar ƙasa. Malam in ka rubuta takardar da za a kai wa shugaban sashe ka turo nan mu gani, akwai abubuwan da muke so a saka game da rakiyar ɗalibai mata da lokacin dawowa.

Ɗan Maraɗi: In kun rubuta ku turo mini ni ma, ina da abokai a jami'ar Maraɗi zan nuna musu. Rahotannin LASDEL da Faransanci suke, wanda ya shafi rabon kuɗi zan taƙaita muku shi da Hausa cikin satin nan in sha Allah.

Malamin Jami'a: Madalla. Zan rubuta shafi biyu kawai zuwa Juma'a. Malam Na Tsangaya dan Allah ka binciko mana wa ya kamata a fara gani a hukumar zakka, Maman Husna ke kuma ki rubuto alamomin tamowa da na ciki mai haɗari da ɗalibi zai iya ganewa da ido da inda zai tura mutum. Ɗan Sakkwato kai zan ba ka fara karantawa kafin kowa.

Ɗan Sakkwato: Turo Dakta. Layin kuɗin mota zan fara dubawa, sannan wanda zai riƙe aikin in an tafi yajin aiki.